Fitsarin Aro

Liman bai kai ga raɗa wa jaririn suna ba sai Malam Zailani ya miƙe zumbur a tsakiyar taro, ya nuna Mai Unguwa da ɗan yatsa.

"Kai kuma wa ya naɗa maka wannan rawanin? Sai ka ce an ɗora wa tulu gammo a ka!"

Ƙofar gidan sunan ta yi tsit. Hannuwan da aka ɗaga don fatiha suka tsaya a sama. Malam Zailani fa, rajistaran kotu, mutumin da ko akuya ta tare masa hanya sai ya ce mata a gafarce shi kafin ya wuce. Ga shi yanzu hula ta karkace, gumi na tsiyaya daga gemunsa da sanyin safiya, hannuwansa na rawa kamar mai kaɗa ganga.

Ya juya kan Liman. "Kai ma, Allah gafarta, tun asuba muke zaune a nan, kana can gida kana fama da ƙosai. Ga mai nan a gemunka!"

Liman ya shafa gemu da sauri.

"Iska ce ta taɓa shi," in ji wani dattijo.

"Wace irin iska?" in ji wani. "Ku shinshina bakinsa dai, ko giya ce."

"A'uzubillahi! A cikin ganuwar Zazzau?"

Ƙafafun Malam Zailani suka lanƙwashe, ya zube a kan tabarma. Idonsa ya sauka kan faifan alewa da dabino da aka ajiye don rabo, ya miƙa hannu. Mai gidan sunan ya kaɗe hannun ya janye faifan.

"Kada wanda ya ba shi! Ciwon suga gare shi, sugan ne ya hau masa kai. Ku kawar da duk wani abin zaƙi!"

Nan da nan kowa ya zama likita. Wani ya ce a jiƙo maɗaci, ɗaci ne ke kashe zaƙi. Wanzamin da ya zo yi wa jariri aski ya fara kwance zabirarsa, yana cewa ƙaho biyu a ƙeya za su zuƙe sugan tas.

Ana cikin haka sai ga Hajiya Barira, matar Malam Zailani, ta faso daga cikin gida inda take taya mata tuyar waina. Mayafin da ke kanta ma ba nata ba ne. Ta ratsa maza ba ko sallama, da kofin ruwa a hannu, ta damƙo suga daga kwalin da aka kawo don kunu, ta watsa a ciki, ta dama da yatsa.

"Hajiya!" Mai Unguwa ya daka mata tsawa. "Kashe shi za ki yi?"

"Ranka ya daɗe, da kashe shi nake son yi, ai da tuni na yi a ɗaki, ba sai na jira an tara mini shaidu ba." Ta durƙusa ta tallafo kan mijinta. "Malam, kana jina? Za ka iya haɗiya?"

Ya buɗe ido ɗaya. "Ga shugabar 'yan sandan cikina nan."

"Yana jina. Sha."

Ya sha, ya shanye har da lasar baki. Jama'a suka ja da baya suna jiran a fara salati. Shiru, shiru. Can sai rawar hannun ta lafa, gumin ya tsaya. Malam Zailani ya tashi zaune, ya gyara hula, ya dubi mutane cikin natsuwarsa ta kullum.

"An raɗa sunan ne?"

Mai Unguwa dai yana ta lalubar rawaninsa ta baya.

"Ba hawa sugan ya yi ba, sauka ya yi," in ji Hajiya Barira, tana karkaɗe zani. "Likita ya gaya mini tun farko. In kun ga mai shan ƙwayar suga yana gumi, yana rawar jiki, yana sakin baki, to zaƙi yake nema. Da kun ɗura masa maɗacin nan, da yau suna da jana'iza za ku haɗa. A tsayar mana da tasi."

A cikin tasi, daga lungunan birni har suka fita ta Ƙofar Doka, ba abin da take yi sai lissafin abin da ya ci da wanda bai ci ba. Ya sha ƙwayarsa da asuba, ya fita ba karin kumallo, wannan ta gane. Amma ai ya sha yin haka a da, bai taɓa zagin ko kaza ba. Tun da likita ya ninka masa maganin nan makon jiya ne ya koma kamar tsumma.

Malam Zailani ya juyar da fuska taga. Shi ya san abin da ba ta sani ba.

Bara ne kiyashi suka tona masa asiri. Duk inda ya tsuguna a banɗaki sai su yi dandazo kamar an zubar da zuma. Ga ƙishirwa, ga rama. Dokta Mustapha, mai ɗan ƙaramin asibiti a Gyallesu, ya ce ciwon suga ne. Daga ranar Hajiya Barira ta karɓe mulkin cikinsa. Tuwon shinkafa ya koma tuwon acca, shayi ya koma ruwan zafi mai kala, wake da zogale suka zama 'yan gida. Ta ƙwace makullin babur ɗinsa Besfa, ta ce kotu ba nisa, ya taka da ƙafarsa.

Duk wata yakan kai fitsarinsa na farkon safiya a kwalba. Likita ya ɗiga shi cikin wani ruwa shuɗi, ya dafa a kan 'yar wuta. In ya tsaya shuɗi, lafiya. In ya koma kore ko rawaya, faɗa. In ya yi ja, in ji likita, to ƙwaya ta gaza, sai allura kullum.

Allura! Mutumin da ranar da aka yi wa 'ya'yansa rigakafi shi aka yayyafa wa ruwa.

Sai ga shi makon jiya wani abokin aikinsa da ya aurar da ɗa a Tudun Jukun ya kawo masa kasonsa na gara har ofis. Alkaki ne mai sheƙi, zuma na naso ta jikin takarda, da nakiya a gefe. Ya ce zai ɗanɗana ɗaya. Kafin la'asar ya ga takarda kawai. Sai da ya suɗe yatsa sannan ya tuna gobe ranar asibiti ce.

Wurin Bahago ya nufa, abokinsa tun suna yara, mai sayar da mazarƙwaila a kasuwar birni. Bahago yakan wuni yana gatsar kayan sayarwarsa, amma ko ciwon kai ba ya yi. Ya roƙe shi aron fitsari. Da safe Bahago ya miƙo masa kwalba cikin leda, da ɗuminta.

Da likita ya dafa, ruwan bai tsaya a kore ba, bai tsaya a rawaya ba. Ja ya yi jawur kamar manja. Dokta Mustapha ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa. Ya ce a ɗebi jini yanzu. Malam Zailani ya yi rantsuwa, ya yi magiya, ya ce yana da zaman kotu. Likita ya haƙura, ya ninka ƙwaya, ya ce in ya dawo bai sauya ba, allura ce babu fashi. Hajiya Barira kuwa da ta ji, sai ta rage tuwon ma ya koma rabi.

Tasi ta tsaya a Gyallesu.

"Ya zagi Mai Unguwa?" Dokta Mustapha ya tambaya bayan ya ji labari. Matashi ne, amma da sanƙo.

"Har da Liman."

"To lallai ya sauka sosai. Hajiya, kin yi daidai. Yau dai sai na ga jini, ko alƙalin alƙalai ke jiransa."

Hajiya Barira ta danne hannun mijinta a kan tebur da gwiwar hannunta. Malam Zailani ya runtse ido ya fara kalmar shahada da ƙarfi, har masu jira a waje suka leƙo.

"Malam."

"La'ilaha illallahu..."

"Malam, an gama tun ɗazu. Kan yatsa ne kawai."

Ya buɗe ido, ya ga ɗan ɗigon jini da bai kai ƙwayar gero ba. Ya gyara murya ya ce shi dama zikirinsa na safe yake ƙarasawa.

Likita ya miƙa masa kwalba ya nuna masa banɗaki. Da aka dafa, ruwan ya tsaya shuɗinsa, ko gezau.

Dokta Mustapha ya daɗe yana kallon kwalbar. "Ban gane ba. Makon jiya kamar an matse rake, yau kuma kamar ruwan rijiya. Jinin ma yana ƙasa-ƙasa, duk da sugan da aka ba shi. Jikin mutum ɗaya ba ya irin wannan tsalle haka kawai. Zan ba ka gado, Malam. Mu sa maka ruwa, mu riƙa ɗibar jini safe da yamma har in gano abin da ke faruwa."

"Ruwan... ta baki?"

"Ta jijiya."

"Jinin kuma ta yatsa?"

"Ta nan." Likita ya taɓa masa gwiwar hannu ta ciki, ya jawo aljihun tebur, ya fito da sirinji.

Malam Zailani ya dubi allurar, ya dubi matarsa. Ya auna su biyun a ransa. Allurar ta fi tsini.

"Likita, na makon jiya ba nawa ba ne."

"Me ba naka ba ne?"

"Fitsarin. Aro na yi."

Ya sunkuyar da kai ya zayyana komai, tun daga takardar alkaki har ledar Bahago.

Hajiya Barira ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata shi ke nan. "Alkaki," ta ce.

"Ƙanana ne."

"Ina zaune ina tsince tsakuwa a acca har idona na ruwa. Na hana kaina shayi mai suga don kada ka ji ƙamshi. Da aka ce ya yi ja, kwana na yi ina kuka, ina cewa ni ce na gaza. Ashe Bahago nake wa kuka!"

Dokta Mustapha ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Da ya juyo kuwa ba dariya a fuskarsa.

"Malam, da naka ka kawo, iyaka ya yi rawaya, in yi maka faɗa, ka tafi gida. Alkakin yini ɗaya ba ya kai mutum ga allura. Amma ka kawo mini na wani, na ba ka maganin wani. Kai ka sha abin da ya fi ƙarfinka, saura ƙiris ka tafi yau da safe. Shi kuma mai fitsarin yana can yana yawo ba magani, ciwon na cin idonsa da ƙodarsa bai sani ba."

Ya mayar da ƙwayar yadda take a da. Ya ce Hajiya ta dawo da rabin tuwon da ta ƙwace. In ya sha magani, ya ci abinci, ko sunan ɗan wa ake yi. Ya ɗebo 'yan ƙwayoyin suga ya ƙulle a takarda ya miƙa masa.

"Wannan ya zauna a aljihunka kullum. In ka ji gumi da rawar jiki, ka jefa a baki. Ba na shayi ba ne."

"Zan riƙa dubawa," in ji Hajiya Barira.

"Daga yau kuma a nan za ka riƙa yi, ba na karɓar na gida. Abokin nan naka, ku kawo mini shi yau. Ba gobe ba."

Rana ta take sosai lokacin da suka isa kasuwa. Hajiya Barira ta tsaya ta saya masa ƙosai, ta tsaya a kansa har ya cinye. Shi kuwa, duk da kunyar da ya sha, akwai wani ɗan daɗi da ke motsi a ransa. Shekara guda Bahago na gatsar mazarƙwaila a gabansa yana ce masa "mai cin abincin tsuntsu". Yau zai ga yadda acca take.

Suka tarar da shi a rumfa, ya miƙe ƙafa a bayan tulin mazarƙwaila, ƙudan zuma na shawagi, kumatunsa a cike.

"A'a, Rajistara! An ce yau ka naɗe Mai Unguwa ka warware. Wallahi na yi baƙin cikin rashin zuwa. Hajiya, barka da rana."

"Ajiye abin da ke hannunka, Bahago," in ji Malam Zailani, da muryar da yake karanta hukunci.

"Me ya faru?"

"Hajiya ta san komai, likita ma ya sani. Kwalbar nan da ka ba ni, ja ta yi. Ban gaya maka ba ne don kada hankalinka ya tashi. Likita ya ce bai taɓa ganin irinta ba. Ciwon suga gare ka, wanda ya ninka nawa. Tashi mu tafi."

Mazarƙwailar ta faɗi daga hannun Bahago. Ya sosa ƙeya, ya dubi hanya.

"Kana yawan jin ƙishirwa?" Hajiya Barira ta tambaya.

"A'a."

"Fitsari fa? Kana yawan tashi?"

"Ni da in na kwanta sai an taka ni."

Ta ƙare masa kallo, daga wuyan da ya ninku har tumbin da ya ture riga. Ba alamar rama ko ta sisin kwabo. Ta ƙanƙance ido.

"Bahago. Fitsarin wa ka ba shi?"

"Hajiya, ki fahimce ni..."

"Na wa?"

"To ni mahaukaci ne in ɗauki fitsarina in ba mutum a kwalba? Ka san inda za a kai shi? Ka san abin da za a karanta a kai?"

"Ni zan yi maka asiri?" Malam Zailani ya dafe ƙirji. "Ni da muka yi wasan ƙasa tare?"

"Ai irinku ne ma. Kai ba ka ga shari'o'in da ke zuwa kotunku ba?"

"To na wa ne?"

Bahago ya rage murya. "Akwai wani Lado, direban da ke kawo mini kaya daga ƙauye. Ranar a zaurena ya kwana. Ƙato ne, buhu biyu yake ɗauka a kafaɗa, na ce wannan ai lafiyarsa ta fi tawa. Sai na ce masa duba-gari ne suka kafa doka, duk direban da ya kwana a birni sai ya bayar."

"Ya yarda?"

"Har ya tambaya ko kwalba ɗaya ta isa."

Hajiya Barira ta zauna a kan buhu, ta rufe fuska da mayafin aro. Ba a san ko kuka take ko dariya ba.

"Ina yake yanzu?" in ji Malam Zailani. "Likita ya ce yau. Mutumin nan yana tuƙa mota da wannan jinin, Bahago. In idonsa ya rufe a kan hanya fa?"

"Yau ce ranar zuwansa. Sai dai..." Bahago ya sake duban hanya. "An ce mini ya je ofishin duba-gari karɓar sakamako, suka yi ta yi masa dariya. Kuma wai wani mai dogon baki a layin nan ya gaya masa wani rajistara aka kai wa."

Bai rufe baki ba sai ga wata tsohuwar a-kori-kura ta kutso layin tana tari, ta ja birki a gaban rumfar har tulin mazarƙwaila ya girgiza. Ƙofa ta buɗe. Wani dogon mutum ya sauko, kansa na shafar rufin rumfa. Ƙashin ƙato ne, amma naman ya zube, wandonsa da igiya aka ɗaure shi. Leɓɓansa sun bushe sun tsage. Jarkar ruwa a hannun hagu, sifanar kwance taya a hannun dama.

Ya kafa kai a jarkar ya yi ta kwankwaɗa, maƙogwaronsa na hawa da sauka. Ya sauke, ya goge baki da bayan hannu.

"Tun ranar da aka karɓi fitsarina ban ƙara lafiya ba," ya ce. "Ruwa ba ya kashe mini ƙishi. Duk inda na tsuguna kiyashi na bina. An ɗaure ni a kwalba, na sani. Wane ne rajistaran?"

Daga ƙarƙashin tebur hannun Bahago ya fito, na hagun, ya nuna.

Gumi ya karyo wa Malam Zailani, gwiwoyinsa suka fara bugun juna. Ya cusa hannu a aljihu ya lalubo ƙullin sugan likita. Hajiya Barira ta cafke hannun.

"Mayar, Malam. Wannan rawar ba ta suga ba ce." Ta tura shi gaba da tafin hannu. "Je ka yi masa bayani. Ni bari in nemo tasin da za ta ɗauke shi."